Shin gaskiya ne kogin Isa yana da zagayen shekara 30?

Injiniya_Gamkalle
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu tsara aikin ruwa a nan Yamai, wai kogin Isa, wato kogin Neja, yana bin zagaye na shekara 30. Hujjarsu ita ce kogi ya yi ƙasa a 1913, shekarar yunwar Kakalaba, ya sake yin ƙasa a farkon shekarun 1940, sannan a 1973. Wasu cewa suke zagayen na shekara 11 ne, yana bin tabon rana. Tambayata ga masu lissafi: da wace hanya ake gwada wannan a tabbatar? In zagayen gaskiya ne, ya kamata a sa shi cikin tsarin sakin ruwan barajin Kandaji da na ruwan shan gari. In kuma ido ne ke ganin abin da babu, gara a sani tun yanzu.

Malama_Lissafi
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a taɓa kowane gwaji, a ƙirga shekarun da ke hannu. Ana karanta eshel ɗin Yamai, wato ma'aunin tsayin ruwa da ke kafe a bakin kogi, tun 1929, na Kulikoro a Mali tun 1907. Daga 1929 zuwa 2023 shekara 95 ke nan. Zagayen shekara 30 zai shiga ciki sau uku kawai. Wanda ya jefa kuɗi sama sau uku suka faɗi fuska ɗaya ba zai rantse cewa haka za su faɗi a na huɗu ba. Ni a ganina sai zagaye ya maimaitu aƙalla sau bakwai ko goma cikin jerin awon shekarun kafin mutum ya ɗora masa baraji. Da shekara 95, abin da za a iya gwadawa da ƙwarin gwiwa shi ne zagayen da bai wuce shekara 10 zuwa 13 ba.

Tsohon_MaiAwo
Ƴata, kin fara daga inda ya dace. Bari in ƙara abin da matasa da yawa ba su sani ba. An taɓa gwada wannan magana a fili. A 1981 masana biyu ƴan Faransa, Faure da Gac, sun duba jerin kogin Sanagal, suka ga faɗuwar 1913, ta 1940 da ƴan kai, da ta 1970 da ƴan kai, suka fitar da zagaye na wajen shekara 30, suka rubuta a mujallar Nature cewa fari zai iya ƙarewa a 1985. Sai 1984 ta zo ta fi duk shekarun baya muni, a watan Yuni na 1985 kuma kogi ya daina gudu a Yamai, mutane na ƙetarewa da ƙafa. Ƙarancin ruwan bai sassauta ba sai wajen tsakiyar shekarun 1990. Ba jahilai ba ne suka yi lissafin. Jerin ne gajere.

Ɗalibi_UAM
Baba, to amma in aka sa jerin cikin Furiye, lissafin nan mai rarraba jeri zuwa igiyoyi masu tsawo daban-daban, ai yana fito da tsauni a wajen shekara 30. Wannan ba hujja ba ce?

Malama_Lissafi
@Ɗalibi_UAM ƙanena, dubi yadda feriyodogiram, wato zanen da Furiye ke fitarwa mai nuna ƙarfin kowane zagaye, ke raba su. In jerinka shekara 95 ne, zagayen da yake iya dubawa su ne 95 a raba da 1, da 2, da 3, haka har zuwa 47. Wato shekara 95, sai 47.5, sai 31.7, sai 23.8, sai 19, sai 15.8, sai 13.6, sai 11.9, sai 10.6. Tsakanin 47.5 da 23.8 akwati ɗaya ne kawai, shi ne 31.7. Duk wani motsi mai nauyi na dogon lokaci dole ya zuba cikin waɗannan akwatuna uku na farko, don ba shi da wani wurin zama. Shi ya sa kake ganin “30”. Ƙara shekara 10 a jerin ko ka yanke 10, za ka ga tsaunin ya matsa. Zagaye na gaskiya ba ya matsawa don ka canja tsawon takarda.

Abu na biyu, kana duba akwati 47 a lokaci guda. In ka sa iyakar kuskure kashi 5 cikin 100 ga kowane ɗaya, ko lambobin ƙuri'a ka zuba, yiwuwar aƙalla tsauni ɗaya ya haye layin ta kai kashi 91 cikin 100. Sai dai ka yi gwajin Fisher, wanda aka yi shi don tsauni mafi tsawo, ko ka raba 0.05 da 47, iyakarka ta koma wajen 0.001.

Ɗalibi_UAM
Na gane. Na gode Malama.

MaiEshel_Yamai
Ku yi haƙuri in maido ku bakin kogi. Ba debi muke aunawa kullum ba, tsayin ruwa ake karantawa a jikin eshel, safe da yamma. Debi, wato mita kubik nawa ke wucewa a daƙiƙa, ana fitar da shi ne daga layin da ya haɗa tsayi da debi, shi kuma layin ana gina shi da awon da ake shiga jirgi a yi, da mulune (farfelar auna gudun ruwa) a da, da ADCP (na'urar da ke aunawa da sauti) yanzu. Matsalar ita ce gindin kogi ba ya zama yadda yake. Koramu na zubo yashi, yashi na cike gado, sai santimita 500 na yau ya zama ba shi ne 500 na shekara 30 da suka wuce ba. In ba a sabunta layin ba, debi zai yi kamar ya ƙaru alhali gado ne ya tashi. In aka sabunta shi sau ɗaya bayan shekaru da yawa, jerin zai yi tsalle a shekarar, mai lissafi ya ɗauka yanayi ne.

Don haka duk wanda aka ba jerin debi ya nemi abu uku tare da shi: ranakun da aka canja layin, yawan awon da aka yi a kowace shekara, da debi mafi girma da aka taɓa aunawa da jirgi. Abin da ya haura wannan, jan layi aka yi da hasashe. A Satumba 2020 da eshel ya kai santimita 700, ruwa ya fasa dig, wato shingen tare ruwa, ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa, kuma ruwan da ya bi ta bayan dig eshel bai san da shi ba.

Hadiza_Hidro
Gaskiya ne Malam MaiEshel. Sannan akwai kuskuren da ke lalata aiki tun a layin farko na Excel: tara ruwa daga Janairu zuwa Disamba. A Yamai ruwan Gine, wato cikar da ke tasowa daga ƙasar Gine, yana kai ƙololuwa tsakanin Disamba da Fabrairu, to shekarar kalanda tana raba cika ɗaya gida biyu, rabi a bana rabi a baɗi. Wannan kaɗai yana ƙirƙiro dangantaka ta ƙarya tsakanin shekara da mai bi mata. A fara shekarar ruwa daga Yuni, lokacin da kogi ke ƙasa, a rufe ta a Mayu.

Kuma ni ban yarda a yi nazarin Yamai a matsayin kogi ɗaya ba. Kogi biyu ne ke bin gado ɗaya. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, launinsa ja saboda ƙasar da yake kwasowa. Akwai kuma ruwan Gine, wanda ya faɗi a tsaunukan Gine tun damina, ya bi ta Kulikoro, ya baje cikin babbar fadamar Mali ta wajen Mopti, ya yi watanni kafin ya iso mu. Tarihinsu ba ɗaya ba ne. Ruwan Gine ya ragu ƙwarai bayan 1970. Jan ruwa kuwa ƙaruwa ya yi, har a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda an sare itace, ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ba ya nutsewa sai ya gudu. A da ruwan Gine ne babba. Tun daga 2010, 2012 da 2020, jan ruwa ne ke cin gari. In ka haɗa su ka ɗauki ƙololuwar shekara, kana auna dabba biyu a sikeli ɗaya.

Injiniya_Gamkalle
Hajiya Hadiza, ta yaya ake raba su a aikace?

Hadiza_Hidro
Hanya mafi sauƙi ita ce ta kwanan wata: ƙololuwar Yuni zuwa tsakiyar Oktoba ta jan ruwa ce, ta Nuwamba zuwa Maris ta Gine. Hanya mafi kyau ita ce a ɗauki debin Ansongo a Mali, wanda ke sama da mahaɗar waɗannan koguna uku, a jinkirta shi da kwanakin tafiya, a debe shi daga na Yamai. Abin da ya rage shi ne ruwan gida. Sai a gwada ragowar da jimillar tashoshin Garbe-Kuru a kan Sirba, Kakasi a kan Dargol, da Alkongi a kan Goruwal. Ba za su yi daidai cif ba, don akwai ƙananan koramu da ba a aunawa, amma ya kamata su tashi tare su sauka tare. In ba su yi ba, akwai tashar da layinta ya tsufa.

ManominSaga
Mu dai masu shinkafa abin da muke so mu sani shi ne, ruwa zai kai bakin famfo a watan Afrilu da Mayu ko ba zai kai ba. Zagayen shekara 30 bai gaya mana wannan.

Tsohon_MaiAwo
@ManominSaga Alhaji, tambayarka tana da amsa, kuma ba ta buƙatar zagaye. Ruwan da zai iso Yamai a rani ya riga ya wuce Kulikoro tun Satumba, ya wuce Mopti wajen Oktoba da Nuwamba, ya wuce Dire, ita ma a Mali, bayan nan. Ana ɗaukar ƙololuwar Dire ta kowace shekara a jera ta gefen debin Yamai na Maris, Afrilu da Mayu na shekarar, a ja layin dangantaka. Wannan hasashe ne mai tushe, don ruwan da aka gani da ido ne yake tahowa. A lura da abu ɗaya: shekarar da fadamar Mali ta cika sosai, ƙololuwa takan makara zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu, kogi ya daɗe bai sauka ba. A shekarar fari kuwa ƙololuwar takan zo da wuri a Disamba, saukar ma ta yi sauri. To ranar ƙololuwa ita kanta labari ce.

Saukar kuwa ana lissafa ta. Ka zana logaritim na debi a kan kwanaki daga ranar da ruwa ya fara ja, zai ba ka kusan miƙaƙƙen layi. Gangaren layin shi ne saurin ƙafewa. Da shi za ka ƙiyasta ranar da tsayi zai sauka ƙasa da bakin tiyon famfo.

Rabi_Agro
Baba, sai dai a raba shekarun kafin 1982 da na bayanta. Tun da barajin Selinge na Mali ya fara aiki a kan kogin Sankarani yana sakin ruwa a rani don wutar lantarki, a barajin Markala kuma ana ɗiba don gonakin Ofis du Nijar, babban aikin noman ban-ruwa na Mali. Ruwan rani na Yamai yanzu hannun mutum na ciki. Wanda ya nemi zagayen yanayi cikin debin Mayu ba tare da ya cire wannan ba, jadawalin injin wuta yake karantawa.

Tsohon_MaiAwo
Haka ne ƴata, gyaranki daidai ne.

Malama_Lissafi
In koma kan tambayar Injiniya, ga yadda ni zan bi aikin daki-daki, kuma tsarin yana da muhimmanci.

Da farko a zana jerin a kalle shi. Sannan a nemi karaya kafin a nemi zagaye. Gwajin Pettitt yana nuna shekara ɗaya da matsakaici ya canja, rabon Hubert yana iya nuna fiye da ɗaya, duka biyun suna cikin manhajar Khronostat, na Pettitt kuma yana cikin manhajar R. A tashoshin Afirka ta Yamma da yawa karayar na faɗowa wajen 1968 zuwa 1971. Dalilin fara wannan shi ne, mataki guda, sama sannan ƙasa, in ka ba Furiye shi, ba ya da yadda zai kwatanta shi sai da tarin igiyoyi masu tsawo. Zai ba ka tsaunuka a 95, a 47, a 31, alhali abin da ya faru faɗuwa ce sau ɗaya.

Bayan nan a gwada karkata, wato ko jerin na hawa ko sauka a hankali, da gwajin Mann-Kendall da gangaren Sen. Nan ma akwai rami. Gwajin yana ɗauka kowace shekara mai zaman kanta ce, kogi kuwa yana da tuni: shekarar fari tana barin rijiyoyin ƙasa a ƙafe, ta baɗi ta gaji wannan. Kogin Bani, wanda ke haɗuwa da Isa a Mopti, ya nuna haka sarai, ruwansa ya faɗi fiye da yadda ruwan sama ya faɗi, ya kuma daɗe bai farfaɗo ba. Ana auna tunin da dangantakar shekara da wadda ta gabace ta, mu kira ta r. Yawan shekarun da ke da ƴanci shi ne n sau (1 − r) a raba da (1 + r). A misali, in n 90 ne, r kuma 0.6, shekara 22 da rabi kawai gare ka a zahiri. Da wannan adadin za ka yi gwaji, ba da 90 ba.

Sai a zana dangantakar jerin da kansa a tazarar shekara 1, 2, 3, har zuwa rubu'in tsawonsa, wajen 24. Iyakar ita ce 1.96 a raba da tushen n, ga shekara 95 wajen 0.20 ke nan. In zagayen shekara 11 na nan, layin zai nutse ƙasa da sifili a tazarar 5 ko 6, ya taso ya haye 0.20 a 11, ya sake tasowa a 22. In kuwa ya fara sama ya riƙa gangarowa a hankali ba tare da ya sake tasowa ba, tuni ne, ba zagaye ba.

Daga ƙarshe ne ake zuwa feriyodogiram, kuma kada a gwada tsauninsa da miƙaƙƙen layi. A ƙera jeri 1000 na ƙuri'a masu r ɗaya da na kogin, matsakaici ɗaya, warwatsuwa ɗaya, a yi wa kowanne feriyodogiram, a ɗauki tsayin da kashi 95 cikin 100 ba su wuce ba a kowane akwati. Tsaunin da ya haye wannan shi ne abin magana.

Sani_Kwamfuta
Malama, ondelet fa, hanyar nan mai zana ƙarfin zagaye shekara bayan shekara? Yanzu kusan duk ɗalibin da ya rubuta kundi sai ya sa hoton nan mai ja da shuɗi.

Malama_Lissafi
Ondelet na da amfani na gaske, Malam Sani, don tana nuna lokacin da zagaye ya bayyana da lokacin da ya ɓace, abin da Furiye ba ya yi. Da ita za ka ga motsin shekara 2 zuwa 7, irin na El Ninyo, ɗumamar tekun Fasifik, yana ƙarfi wasu shekaru ya yi shiru wasu. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake share layin mazurari da ke jikin hoton. Duk abin da ke wajen layin nan gefen jeri ne ya gurɓata shi, don kwamfuta sifili ta cusa a wurin. Ga ondelet ɗin Morlet, abin da ake yarwa a kowane gefe ya kai wajen sau 1.4 na tsawon zagayen. Zagayen shekara 11, ka yar da 15 a farko, 15 a ƙarshe, saura 65. Na shekara 30, ka yar da 41 nan, 41 can, cikin 95 saura 13, ko rabin zagaye ɗaya bai kai ba. Jan tabon da ake nunawa a ƙasan hoto a ce ga zagayen 30, kusan dukkansa a wajen mazurari yake.

Sani_Kwamfuta
Wani abin kuma da kowa zai iya gwadawa yau a Excel. Cika layi 95 da lambobin ƙuri'a, ka yi musu matsakaici mai tafiya na shekara 5, ka zana. Za ka ga tuddai da kwaruruka masu kyau kamar an tsara. Dalili, maƙwabta biyu sun yi tarayya a lamba huɗu cikin biyar, dangantakarsu ta zama 0.8 ba tare da wani sanadi ba. Slutsky ya nuna wannan tun 1927. Matsakaici mai tafiya na kallo ne, kada a yi gwaji a kansa.

Issoufou_Yanayi
Zan ɗan saɓa muku. Kada mu zubar da jariri tare da ruwan wanka, ruwa ba ya tsami banza. Zafin saman tekun Atlantika ta arewa yana da motsi na wajen shekara 60 zuwa 80, ya yi ɗumi a shekarun 1950, ya yi sanyi a 1970 da 1980, ya sake ɗumi daga tsakiyar 1990. Daminar Sahel ta bi wannan sawu. In arewacin teku ya fi kudanci ɗumi, iskar damina na hawowa arewa sosai. Wannan sanadi ne da ake iya bayyanawa, ba kamar tabon rana ba. To cewa babu komai sai ƙuri'a, shi ma wuce gona da iri ne.

Hadiza_Hidro
Malam Issoufou, babu wanda ya ce babu sanadi. Abin da ake cewa shi ne motsi daban, agogo daban. Su kansu masana teku ba su daidaita ba a kan ko wannan motsi juyi ne na kansa ko kuwa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da aman duwatsu ne suka sanyaya arewa a lokacin. In hayaƙi ne, ba zai dawo a kan lokaci ba. Kuma zagayen 60 cikin shekara 95 sau ɗaya da rabi ne.

Issoufou_Yanayi
Na yarda ba agogo ba ne. Amma zafin tekun na watan Afrilu da Mayu ana amfani da shi a hasashen damina da cibiyoyin yanayi na AGRHYMET da ACMAD ke fitarwa tare da ma'aikatun ƙasashe kowace shekara, har da hasashen cikar koguna. Ina ganin wurin da ya dace a sa teku ke nan, hasashen damina ɗaya, a sabunta kowace shekara.

ƊanAdar_Tawa
Ku mutanen gulbi kuna da shekara 95 kuna kuka. Mu nan Tawa, Magya korama ce, wata tara ko sama babu ruwa cikinta, in ta taso kuma cikin awoyi take wucewa. Mai karatun eshel sau biyu a yini, ruwan dare ya wuce shi. Jerin cike da sifili da giɓi. Wanga hali mi za a yi da shi? Ga barajin Mozage da na Zango da gonakin Ƙonni suka dogara gare su.

Malama_Lissafi
Yaya ƊanAdar, kada a sa jerin wata-wata na korama cikin Furiye, sifilin zai haifar da tsaunuka a wata 12, 6, 4, 3, duka inuwar damina ɗaya ce. Ko a Yamai tsaunin wata 6 da na 4 ba sabon zagaye ba ne, siffar cikar ce da ba ta yi kama da igiya mai santsi ba. A tara ruwan damina duka ya zama lamba ɗaya a shekara. Inda akwai giɓi kada a cike shi da matsakaici, hakan na danne warwatsuwa. Akwai hanyar Lomb-Scargle da ke karɓar jeri mai giɓi yadda yake. Amma gaskiya ga Magya na fi son a koma ga ruwan sama na Tawa, Ƙonni, Madawa da Buza, don jerinsu ya fi tsawo, a fitar da ma'aunin SPI mai nuna ƙamfa ko yalwar ruwan sama, a ƙirga sau nawa aka yi shekara biyu ko uku na ƙamfa a jere.

MaiEshel_Yamai
Baraji ma kansa ma'auni ne. Ruwan da ya shiga daidai yake da canjin abin da ke ciki, a haɗa da wanda aka saki, da wanda ya malala ta bakin malala, da wanda rana ta sha, da wanda ya tsiyaye. Rana kaɗai a ƙasarmu tana shan sama da mita 2 a shekara daga buɗaɗɗen ruwa. Sharaɗin shi ne a sake auna zurfin tafkin, don laka na cike shi kowace damina. In ana aiki da teburin tsayi da yawan ruwa na ranar da aka gina baraji, za a riƙa ƙirga laka a matsayin ruwa.

ƊanAdar_Tawa
Wanga magana ta laka ita ce ciwonmu. Baraji na cika da wuri ya malala, mutane su ce ruwa ya yi yawa bana, ga watan Maris kuma ya ƙafe.

Rabi_Agro
Akwai ruɗanin da nake ji a bakin mutane tun bayan 2020: wai ambaliyar shekara 100 ce, to an huta sai jikoki. Wannan kalma ba zagaye take nufi ba. Tana nufin kowace shekara akwai yiwuwar 1 cikin 100. Gidan da zai yi shekara 30 a wurin, yiwuwar ruwan ya same shi aƙalla sau ɗaya kashi 26 cikin 100 ce. Kuma lissafin Gumbel da ake fitar da ita yana ɗauka kogin jiya shi ne na gobe. Ga jan ruwa, kamar yadda Hajiya Hadiza ta faɗa, wannan zato ya rushe. An kafa tarihi a 2012, aka karya shi a 2019, aka sake karyawa a 2020.

Injiniya_Gamkalle
To jama'a, in ba za a dogara da zagaye ba, da me za a auna ajiyar ruwa? An ce Kandaji zai riƙe wa Yamai mita kubik 120 a daƙiƙa a lokacin rani.

Tsohon_MaiAwo
Da jerin ƙamfa, ɗana. Mita kubik 120 a daƙiƙa miliyan 10.4 ne a yini. A misali, in kogi na ba da 20 kawai har kwana 60, giɓin 100 sau 86,400 sau 60, miliyan 518 ke nan, ban da rabon rana da na gonaki. Hanyar ita ce ka bi jerin wata bayan wata, kana tara buƙata kana debe abin da ya shigo. In jimillar ta sauka ƙasa da sifili ka mai da ita sifili. Lamba mafi girma da ta taɓa kaiwa ita ce ajiyar da kake buƙata. Tushen wannan tun Rippl ne a 1883. Ka bi da shi ta kan 1982 zuwa 1993 musamman, kada ka yi da matsakaicin shekara 95.

Hurst, wanda ya yi rayuwarsa yana auna kogin Nilu, ya nuna a 1951 cewa shekarun ƙamfa na taruwa wuri ɗaya fiye da yadda ƙuri'a za ta ba da. Ma'auninsa a ƙuri'a 0.5 ne, a jerin halitta da ya duba ya samu wajen 0.73. Ma'anarsa ga mai baraji, farin da ka gani a takarda ba lalle shi ne mafi tsawo ba. Shi ya sa ake ƙera jeri ɗaruruwa masu irin tunin kogin, a bi da tsarin sakin ruwa ta kan kowanne, a ga cikin nawa tafki ya ƙafe.

Ɗalibi_UAM
Malama, in duk da haka tsauni ɗaya ya tsallake duk gwaje-gwajen nan fa?

Malama_Lissafi
Sai ka ba shi jarrabawar ƙarshe. Ɓoye shekaru 30 na ƙarshe. Fitar da tsawon zagayen, girmansa da mafarinsa daga 1929 zuwa 1993 kaɗai, ka miƙa shi gaba, sannan ka buɗe abin da ka ɓoye. Gwada kuskurensa da na hasashe biyu marasa wayo: “kowace shekara matsakaici ce” da “bana kamar bara”. In ma'aunin Nash, wanda ke gwada hasashe da matsakaici, ya fito ƙasa da sifili, matsakaici ya fi shi. Sannan ka nemi zagayen a Kulikoro da Dire. Ruwan Gine ɗaya ne, in yana Yamai ba ya can, daga eshel ya fito. Ka duba kuma kashi nawa na warwatsuwa ya ɗauka. Zagayen da ya bayyana kashi 5 cikin 100 ko da gaskiya ne ba zai canja ranar buɗe ƙofar baraji ba.

Issoufou_Yanayi
Ni har yanzu ina ganin a gwada jerin Kulikoro da zafin Atlantika tare, da ondelet mai haɗa jeri biyu. Shekara 117 ne can, mazurarin ya ɗan fi faɗi.

Injiniya_Gamkalle
Allah ya saka da alheri. Zan nemi debin kullum na Yamai, Ansongo da Kulikoro a wajen ABN, hukumar ƙasashen da ke kula da kogin Isa, da ma'aikatar ruwa, tare da ranakun canjin layi kamar yadda Malam MaiEshel ya ce. Malam Issoufou, wane jerin zafin teku za a ɗauka, na wata-wata ko matsakaicin Yuni zuwa Satumba?

Issoufou_Yanayi
Matsakaicin Yuni zuwa Satumba, kuma bambancin arewa da kudu, ba arewa kaɗai ba. A cire ɗumamar duniya daga ciki tukuna, in ba haka ba karkata biyu za su yi kama da dangantaka.

ManominSaga
In kun samu na Dire ku turo mana kafin Disamba, lokacin ne ake yanke shawarar eka nawa za a dasa na rani.